Akwatin da ke Kan Fom: Yadda Wata Jami'a a Amurka Ta Gano Inda Ɗalibanta Suke Zubewa

Asalin wurin, 1913 zuwa 1962

Jami'ar da wannan nazari ya shafa ita ce Georgia State University, ta gwamnati ce, tana tsakiyar birnin Atlanta a kudancin ƙasar Amurka. A 1913 aka kafa ta a matsayin makarantar dare ta koyon kasuwanci, don ma'aikatan da ke tashi daga ofis da yamma. Wannan asali bai rabu da ita ba har yau. Yawancin ɗalibanta daga gida suke zuwa, da yawansu suna aiki suna karatu, wasu kuma su ne na farko a zuri'arsu da suka taɓa taka jami'a.

Shekara kusan hamsin ɗin farko fararen fata kaɗai take ɗauka. A 1956 wasu Baƙaƙen fata suka nemi gurbi aka hana su. Cikin dabarun da ake amfani da su har da cewa sai mai nema ya kawo shaidar tsofaffin ɗaliban makarantar, alhali tsofaffin ɗaliban duk farare ne. Maganar ta je kotun tarayya, a 1959 kotu ta ce wannan wariya ta saɓa wa tsarin mulki. Duk da haka waɗanda suka kai ƙarar ba su samu shiga ba. Sai a 1962 aka yi wa Baƙar fata ta farko rajista. Shekara biyu bayan haka aka sa hannu a Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964, wadda ta haramta wa duk wata makarantar da ke cin kuɗin tarayya nuna bambancin launin fata ko asali. Daga nan ne ƙirgen ɗalibai bisa launin fata ya samu gindin zama, domin gwamnati ba ta da hanyar sanin ko ana bin dokar sai an ƙirga.

Matsalar ta fito fili, 2003

Wata doka ta 1990 ta wajabta wa jami'o'in Amurka bayyana yawan ɗaliban da ke kammala karatu. Digirin farko shekara huɗu ne, amma ma'aunin da aka tsayar shi ne shekara shida: a ɗauki waɗanda suka shigo tare, a jira shekara shida, a ga mutum nawa suka fita da takarda.

A 2003 wannan jami'a ta samu kashi 32 cikin ɗari. Ma'ana, a kowane ɗalibi uku da suka shigo, biyu ba su fita da digiri daga wurinta ba. Da aka rarraba adadin bisa abin da ɗalibai suka rubuta a fom game da asalinsu, sai hoton ya ƙara muni. Baƙaƙen fata ba su kai kashi 30 ba. 'Yan asalin Latin Amurka kashi 22. Samari Baƙaƙen fata kuwa kashi 18. Ɗaliban da ke karɓar Pell, tallafin da gwamnatin tarayya ke ba 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ba tare da an biya ba, su ma suna can baya.

Yawancin waɗanda suka bari ba hannu rabbana suka tafi ba, sun tafi da bashin karatu a wuya, ba takardar da za su nemi aikin da za su biya shi.

Yadda ake samun waɗannan alƙaluma, da sauyin 2007 zuwa 2010

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin duk abin da ya biyo baya a kan wannan fom ya dogara.

Ba wanda ke kallon fuskar ɗalibin jami'a ya rubuta masa launin fata. Ɗalibi ne ke faɗa da kansa, yawanci a fom ɗin neman gurbi, kuma yana da damar tsallake tambayar. Jami'a ta adana amsar a rumbun bayananta, sannan duk shekara ta tura jimilla, ba sunaye ba, zuwa IPEDS, wato rumbun alƙaluman manyan makarantu da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta tarayya. Duk makarantar da ɗalibanta ke samun tallafi ko bashin tarayya dole ta tura. Bayanan ɗalibi ɗaya-ɗaya kuwa wata doka ta 1974 da ake kira FERPA ce ta taƙaita wanda zai iya ganinsu.

Kafin 2010 akwati ɗaya ɗalibi ke zaɓa. A 1997 gwamnatin tarayya ta sauya ma'auninta na ƙirgen jama'a, a watan Oktoban 2007 Ma'aikatar Ilimi ta fitar da ƙa'idar yadda makarantu za su bi, aka kuma wajabta ta daga shekarar karatu ta 2010. Tambayar ta zama biyu. Ta farko: kai ɗan asalin Latin Amurka ne ko mai tushe a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, e ko a'a? Ta biyu: zaɓi ɗaya ko fiye cikin biyar, wato 'yan asalin Amurka da Alaska na farko, 'yan Asiya, Baƙaƙen fata, 'yan asalin Hawai da tsibiran Pasifik, da fararen fata.

Sai dai abin da ɗalibi ya zaɓa daban, layin da yake faɗawa a rahoto daban. Wanda ya ce e a tambayar farko, a layin 'yan Latin Amurka za a sa shi ko me ya zaɓa a ta biyu. Baƙin mutum daga Jamhuriyar Dominika ba zai fito a layin Baƙaƙe ba. Wanda ya zaɓi biyu, misali uwa fara uba Baƙi, sai ya koma sabon layi na masu launi biyu ko fiye. Wanda bai amsa ba, a sa shi a layin da ba a sani ba. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu kuwa, layin baƙi masu zama na ɗan lokaci yake shiga, ba a duba launinsa sam.

Wannan na ƙarshe ya shafi mutanenmu kai tsaye. Yaron da ya taso daga Kano ko Damagaram da biza, a wannan lissafi ba Baƙar fata ba ne, baƙo ne, layinsu ɗaya da ɗan Sin da ɗan Jamus. Ɗan'uwansa da ya samu takardar zama ta dindindin kuwa Baƙar fata ne, layinsu ɗaya da jikan waɗanda aka bautar a gonakin auduga, ko da tarihinsu da halin gidajensu ba su haɗa komai ba. Ɗan Masar da ɗan Maroko da ɗan Lebanon, a ma'aunin 1997, fararen fata ne. Ba Hausa ba Yarbawa ba Ashanti a fom ɗin. Yankin Afirka da ke kudu da hamadar Sahara gaba ɗayansa akwati guda ne.

Sauyin ya jawo wa kowace jami'a ciwon kai iri ɗaya, har da wannan. An ƙarfafa makarantu su sake tambayar tsofaffin ɗalibai, amma ba a tilasta musu ba, don haka na ɗan lokaci rumbu ɗaya yana ɗauke da amsoshi iri biyu. Mai kwatanta 2003 da 2015 kuma dole ya tuna cewa sandar awon ta ɗan sauya a tsakiya. Akwai kuma wani giɓi da ya fi wannan girma: ma'aunin shekara shida na gwamnati waɗanda suka shigo karo na farko kuma suke cikakken karatu kaɗai yake ƙirgawa. Wanda ya sauyo daga wata kwaleji, ko mai ɗaukar kwas biyu saboda aiki, ba ya ciki. A jami'a irin wannan, su ne jama'a masu yawa.

Abin da aka fara gwadawa, 1999 zuwa 2008

Ba a zauna hannu naɗe ba. Tun 1999 aka fara haɗa sababbin ɗalibai rukuni-rukuni, mutum 25 a kowane, suna ɗaukar darussa tare a zangon farko don kada kowa ya ɓace a cikin taro. Aka kuma ɗauki ɗaliban da suka ci kwas mai wuya ana biyansu su riƙa yi wa na bayansu bita. Waɗanda suka shiga waɗannan tsare-tsare sun fi waɗanda ba su shiga ba sakamako.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a farko shiga ganin dama ce. Ɗalibin da iyayensa suka yi jami'a ya san amfanin abin, shi ke zuwa. Wanda ke fita aji ya ruga wurin aiki, bai ma san ana yi ba. Haka ofisoshin ba da shawara: suna warwatse a tsangayoyi, mai ba da shawara ɗaya yana da ɗalibai kusan 700, a wasu wuraren fiye. Ƙofa a buɗe take, amma sai wanda ya kawo kansa. Ɗalibin da ya fi buƙata sau da yawa sai bayan ya faɗi ake jin labarinsa.

Akwai kuma kwasa-kwasan lissafi na shekarar farko, waɗanda kowa sai ya bi ta cikinsu. Ana koyar da su a manyan ɗakunan lacca, kuma kashi 43 cikin ɗari na masu ɗauka ko dai su faɗi, ko su samu makin da bai isa ba, ko su janye. Aka sauya tsari: awa ɗaya a aji, awa uku a ɗakin kwamfuta ɗalibi yana warware tambayoyi da kansa, malamai suna zagayawa suna duba inda ya maƙale. A hankali adadin ya sauko ƙasa da kashi 30.

A 2008 aka taɓa wata matsalar. Jihar tana da tallafin karatu da ake biya daga kuɗin cacar gwamnati, sharaɗinsa ɗalibi ya riƙe matsakaicin makin B. Wanda ya sauka ƙasa kaɗan sai tallafin ya yanke, sai ya ƙara awannin aiki don ya biya kuɗin makaranta, sai makin ya ƙara zubewa. Jami'ar ta fara ba irin waɗannan dala 500 a zango na tsawon zango biyu, bisa sharaɗin su halarci horo kan karatu da riƙon kuɗi, don su farfaɗo su karɓi tallafinsu.

Duk waɗannan sun motsa alƙaluma sama. Giɓin da ke tsakanin rukunoni dai bai rufe ba.

Matsi ya ƙaru, 2008 zuwa 2011

Sai tattalin arziƙin Amurka ya durƙushe a 2008. Jiha ta zaftare wa jami'ar miliyoyin daloli. A lokaci guda masu karɓar Pell suka tashi daga kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗalibai zuwa fiye da rabi cikin 'yan shekaru, waɗanda ba farare ba kuma suka zama mafi rinjaye da tazara mai yawa.

Akwai hanya mai sauƙi da jami'o'i da yawa ke bi idan suna son ƙawata alƙalumansu: su ɗaga makin shiga, su rage ɗaukar talakawa. Wannan jami'a ba ta bi ta nan ba, ta ma ƙara yawan ɗalibai, matsakaicin makin jarrabawar shiga na sababbin ɗalibanta ya ɗan sauka. A 2011 ta amince da sabon tsarin aiki wanda burinsa na farko shi ne ta nuna cewa ɗalibi daga kowane irin gida zai iya kammalawa.

Tambayar da ake yi ma ta sauya. A da ana tambayar me ke damun waɗannan yara. Yanzu aka koma tambayar a wane mataki namu suke faɗuwa. Aka haɗa ofisoshin ɗaukar ɗalibai, rajista, tallafin kuɗi da ba da shawara ƙarƙashin shugabanci ɗaya, aka haɗa bayanansu wuri guda, sannan aka fara bin sawun ɗalibi daga ranar da aka ba shi gurbi zuwa ranar da ya ɓace.

Ƙaramin bashi, 2011

Abu na farko da ya fito ya ba mutane kunya. Dokar jihar ta ce ɗalibin da bai gama biyan kuɗin zango ba zuwa ranar da aka tsayar, a soke rajistarsa. Jami'ar tana soke wa ɗalibai kusan dubu ɗaya rajista kowane zango. Da aka duba su waye, sai ga da yawa 'yan ajin ƙarshe ne masu maki mai kyau, saura musu zango ɗaya ko biyu, tallafinsu ya ƙare, bashin da ake binsu kuma 'yan ɗaruruwan daloli ne. Ga kuma asara ga jami'ar kanta, domin idan ta kori mutum saboda dala 300, ta rasa sauran dubban da tallafinsa da bashinsa za su biya.

Shugaban jami'ar da matarsa suka ba da dala dubu 40 aka fara gwaji. Ba a buɗe fom ɗin nema ba, ma'aikata ne ke duba rumbu kafin ranar soke rajista, su ga wanda ke kan hanyar kammalawa kuma abin da ya rage masa kaɗan ne, su zuba kuɗin a asusunsa su sanar da shi. Matsakaicin abin da ake bayarwa wajen dala 900 ne. Cikin shekarun da suka biyo an ba dubban ɗalibai, mafi yawan 'yan ajin ƙarshe da suka samu kuma sun kammala. Launin fata ba ya cikin sharuɗɗan.

Tsarin faɗakarwa, 2012

Babban sauyi a watan Agustan 2012 ya zo. Jami'ar ta haɗa kai da wani kamfani mai suna EAB, aka tattara bayanan shekara goma, maki kusan miliyan biyu da rabi, aka nemi alamomin da suka riga faɗuwa zuwa. Aka fitar da fiye da 800. Kowane dare manhaja tana bin bayanan kowane ɗalibi, da safe mai ba da shawara ya tarar da sunayen waɗanda wata alama ta taso a kansu, kuma ana son ya tuntuɓe su cikin awa 48.

Alamomin ba wasu manyan abubuwa ba ne. Ɗalibi ya yi rajistar kwas ɗin da ba ya cikin fanninsa, wanda zai ci masa kuɗi da lokaci a banza. Ya tsallake kwas ɗin da sai da shi zai wuce gaba. Ko ya samu C a kwas na farko na fanninsa. Wannan na ƙarshe shi ya fi ɗaukar hankali, domin C ci ne, ba faɗuwa ba, a da ba mai ɗaga kai a kansa. Amma bayanan sun nuna cewa a kimiyyar siyasa, misali, waɗanda suka samu A ko B a kwas na farko kusan kashi 75 suna kammalawa, masu C kuwa kusan kashi 25. A fannin jinya aka ga makin lissafi na shekarar farko ya fi kwas ɗin gabatarwar jinyar kansa nuna wanda zai kai ƙarshe.

Manhaja ba ta kiran waya, ba ta zama da yaro ta ji damuwarsa. Don haka aka ɗauki sababbin masu ba da shawara 42, aka tara su a cibiya ɗaya, nauyin kowannensu ya sauko daga wajen 700 zuwa wajen 300. Kuɗin mutanen ya ninka na manhajar nesa ba kusa ba, kuma an kashe shi ne a lokacin da kasafi ke raguwa, bisa lissafin cewa ɗalibin da ya zauna zai ci gaba da biyan kuɗin makaranta. Ganawar da faɗakarwa ke haifarwa ta haura dubu hamsin a shekara.

Wane aiki akwatin launin fata ya yi a nan? Jami'ar ta bayyana cewa ba ta sa shi cikin abubuwan da manhajar ke hasashe da su ba. Abin da ke tayar da faɗakarwa hali ne da ɗalibi zai iya gyarawa, maki ko rajista ko bashi. Sai a ƙarshen zango da ƙarshen shekara ake dawo da akwatin, a rarraba sakamako: Baƙaƙe nawa suka dawo, 'yan Latin Amurka nawa, masu Pell nawa, a wane fanni, a wane kwas.

A wannan shekara aka kuma buɗe makarantar bazara ga sababbin ɗaliban da takardunsu suka fi rauni, su fara karatu makonni kafin sauran. Rukunonin nan na mutum 25 su ma aka juya su, kowa a ciki yake sai wanda ya ce a cire shi. Aka daina tilasta wa ɗan shekara 18 zaɓar takamaiman fanni tun ranar farko, sai ya zaɓi babban ɓangare, lafiya ko kasuwanci ko kimiyya, ya ɗauki darussan da za su yi masa amfani ko ina ya karkata.

Bazarar 2016

Bin sawun ya tono wani ramin tun kafin ƙofar shiga. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka ba gurbi kuma suka amsa za su zo, ba sa bayyana idan an buɗe makaranta. Abin da ke tare su takardu ne: fom ɗin neman tallafin tarayya, shaidar kuɗin shigar iyaye idan an nemi tantancewa, katin allurar rigakafi. Yaron da ba wanda ya taɓa cike irin waɗannan a gidansu, ga shi ya bar sakandare babu malamin da zai tambaya, sai ya yi shiru ya haƙura.

A bazarar 2016 aka gwada manhaja mai amsa tambaya ta saƙon tes, dare da rana. An raba sababbin ɗalibai biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka samu, rabi aka bar su da tsohon tsari, don a tabbatar ko ita ce ta yi aikin. Ta yi musayar saƙo kusan dubu 200 a wannan bazara, yawan masu zamewa kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A farkon shekarar ne aka haɗe jami'ar da wata kwalejin shekara biyu da ke kewayen birnin, jimillar ɗalibansu ta haura dubu 50, aka fara shimfiɗa tsarin a can ma.

Sakamako, 2017 zuwa 2018

Adadin masu kammalawa cikin shekara shida ya kai wajen kashi 54 zuwa 55, daga 32. Baƙaƙen fata, 'yan Latin Amurka da masu Pell sun kamo matsakaicin jami'ar, wasu shekarun har sun zarce shi. Shekaru a jere tana kan gaba a jami'o'in Amurka da ba na neman riba ba wajen yawan digirin farko da Baƙaƙen fata ke samu. Matsakaicin lokacin kammalawa ya ragu da kusan rabin zango. Daga nan adadin ya tsaya, yana yawo a ɗan sama da rabi.

Suka da gwaji daga waje, 2019 zuwa 2021

A 2019 wasu 'yan jarida masu bin harkar ilimi suka kawo ƙorafi mai nauyi. Idan manhaja ta koya daga shekara goma da suka wuce, kuma a shekarun nan 'ya'yan talakawa Baƙaƙe sun fi faɗuwa a jinya da kimiyya saboda sakandaren da suka fito, to ko ba a sa launin fata ba, shawararta za ta iya karkatar da su zuwa fannoni masu sauƙi da ƙarancin albashi. Jami'ar ta amsa da alƙalumanta, ta ce yawan Baƙaƙe da 'yan Latin Amurka masu kammala digirin kimiyya ƙaruwa ya yi sosai, ba raguwa ba.

A watan Maris na 2021 jaridar The Markup ta gano cewa wasu jami'o'i masu amfani da manhajar kamfanin EAB sun sa launin fata cikin abin da take hasashe da shi, kuma tana yi wa Baƙaƙen ɗalibai tambarin "babban haɗari" fiye da farare ninki-ba-ninki. Bayan rahoton, jami'ar Texas A&M ta daina amfani da wannan maki na haɗari. Jami'ar da muke magana a kai ba ta cikin masu sa launin fata a hasashen.

Gwaji mafi tsauri shi ne wanda gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyi daga 2016: jami'o'i 11, ɗalibai kusan dubu goma 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ko na farko a gidansu, an raba su ta ƙuri'a, wasu sun samu wannan salon shawara mai bin ɗalibi, wasu ba su samu ba. Da aka haɗa jami'o'in duka ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. A wannan jami'a an gani, kuma a wurin Baƙaƙen ɗalibai ya fi fitowa.

Doka ta sauya, 2023 zuwa 2024

Ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da ta shafi Harvard da Jami'ar North Carolina, ta haramta duba launin fata wajen ba da gurbi. Babbar manhajar neman gurbi da ɗaruruwan jami'o'i ke amfani da ita ta ba su damar ɓoye akwatin ga masu tantancewa. Hukuncin bai hana tambayar ba, bai kuma ɗauke wajibcin tura alƙaluma ga IPEDS ba. Hukumar jami'o'in jihar ta ce dama launin fata ba ya cikin abin da take yanke hukuncin gurbi da shi, tsare-tsaren jami'ar kuma kowa ke shiga, don haka ba su rushe ba. A watan Maris na 2024 gwamnatin tarayya ta sake ma'aunin: tambayoyi biyun nan sun koma ɗaya, an ƙara akwatin 'yan Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, an ba hukumomi shekaru su daidaita. Sandar awo za ta sake motsawa ke nan.

Abin da nake gani

A ganina akwatin nan aikin ma'aunin zafin jiki ya yi, ba na magani ba. Da ba a rarraba kashi 32 ba, da ba wanda zai san cewa a cikinsa akwai kashi 18 na samari Baƙaƙe, da kuma an iya ɗaga jimillar ana murna alhali su suna nan inda suke. Amma jami'ar ta yi shekaru tana tura waɗannan alƙaluma ga gwamnati ba tare da sun hana a soke wa ɗan ajin ƙarshe rajista kan dala 300 ba. Sun fara amfani ne ranar da aka ajiye su kusa da bayanan rajista da na bashi da na maki, aka ga cewa ramukan da kowa ke iya faɗawa, ɗan da ba shi da mai riƙe masa hannu a gida shi ya fi faɗawa. Shi ya sa gyaran da aka yi wa kowa ya fi ɗaga waɗanda ke ƙasa.

Ƙin sa launin fata cikin hasashen manhajar ma daidai ne, a wurina. Mai ba da shawara yana da abin da zai yi da C a lissafi, ba shi da abin da zai yi da launin yaro sai dai ya rage masa buri. Ƙorafin 2019 dai ban ɗauke shi a matsayin wanda aka gama da shi ba, domin jimillar digirin kimiyya ba ta nuna yarinya nawa aka lallaɓa suka bar jinya waɗanda da an ba su zango ɗaya da sun haye.

Gwajin jami'o'i 11 shi ya fi hana ni zuzuta abin. Salon ɗaya ne, amma wuri ɗaya ya yi tasiri a fili, wurin da aka riga aka haɗa ofisoshi, aka ɗauki mutum 42, shugabanci kuma ya yi shekaru a kan magana ɗaya. Sannan kusan rabin masu shigowa har yanzu ba sa fita da digirin wannan jami'a cikin shekara shida. Wasunsu sun koma wata makarantar sun gama a can, wasu sun bari. Layin "Baƙar fata" kuwa, da aka ce ya kamo sauran, yana ɗauke da ɗiyar likita ɗan Najeriya da ɗan direban bas ɗin da kakanninsa suka yi zamanin wariya a wannan birni, kuma rahoton da ake tura wa gwamnati ba ya nuna wanne a cikinsu ya ja adadin sama.